Cin rani da ɗaki a bayan mota da karnuka a Ostireliya: abin da bidiyo ba ya nunawa

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da abokan aikinka, ina roƙon fili a shafin wasiƙu in yi bayani kan wata irin rayuwa da ke yawo a wayoyin matasanmu. Duk mai leƙa Facebook ko YouTube ya taɓa cin karo da bidiyonta: mutum shi kaɗai a ƙasar Ostireliya, ya ɗaura ɗaki mai taya a bayan motarsa, karnuka biyu na leƙe ta taga, yau yana tsinkar inabi, wata mai zuwa yana bakin teku. A can karaban suke ce wa ɗakin. Asalin kalmar ayari take nufi, amma a nan babu raƙumi, babu madugu. Ƙaramar tirela ce mai gado da murhun gas da firji da tankin ruwa, wani lokaci har da banɗaki. Abin da masu ita ke yi kuwa mun daɗe da sunansa, cin rani ne, sai dai ɗan ci-ranin can da ɗakinsa yake tafiya.

Bidiyon ba ƙarya ba ne, amma akwai sa'o'in da ba ya nunawa, wato awa takwas zuwa goma sha biyun da mutum ke wurin aiki, kare kuma yana wani wuri babu mai kula da shi. Wanda ke da abokin tafiya sai su yi karɓa-karɓa. Wanda yake shi kaɗai kuwa, karen ne ke zaɓa masa aiki da hanya da wurin kwana, ko ya yarda ko bai yarda ba. Na san wani zai ce ina ruwan Bahaushe da kwana ɗaki ɗaya da kare. Hukuncin ajiye kare na malamai ne, mafarautanmu da makiyayanmu ma sun san darajar karen aiki. Ni yadda harkar ke gudana a can ne ya kawo ni.

Sai na fara da takarda, domin a nan 'yan damfara ke cin kasuwa. Bizar ziyara ba ta ba da izinin aiki, ko na kwana ɗaya a gona. Matasan Turai da Asiya da ake gani suna tsinkar 'ya'yan itatuwa yawancinsu da bizar hutu-da-aiki suka shiga, mai lamba 417 ko 462, kuma Nijeriya da Nijar da Gana ba sa cikin ƙasashen da ake bai wa ita. Duk dillalin da ya ce zai samo wa mai fasfo ɗinmu irinta, kuɗi kawai zai ci. Ɗalibi kuma awa 48 a mako biyu aka yarje masa lokacin karatu, ga makaranta ta ɗaure shi wuri ɗaya. Ke nan wannan rayuwa ta 'yan ƙasa ce da masu takardar zaman dindindin da masu cikakken izinin aiki. Zuwa da kare daga gida ma ba ƙaramin aiki ba ne: sai ya yi kwana 180 a wata ƙasar da hukumar can ta amince da ita, sannan a killace shi a Mickleham kusa da Melbon na aƙalla kwana 10.

Daga takarda sai nauyi. A jikin kowane karaban akwai ɗan allon ƙarfe da aka buga nauyinsa babu kaya da iyakar nauyin da aka yarda ya kai da kaya. Ratar da ke tsakani ita ce abin da za ka iya lodawa, kuma a tsofaffin karaban da yawa ba ta wuce kilo 300 ga mai taya biyu, kilo 400 ga mai taya huɗu. Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce, don haka tankuna biyu masu lita 80 sun cinye kilo 160. Tukunyar gas mai cin kilo 9 in ta cika tana kai kusan kilo 18, kuma biyu ake ɗauka. Ƙara buhun abincin kare kilo 20 da shingen ƙarfe na naɗewa, ka ga saura kaɗan ba a sa tufa ko tukunya ba.

Ita ma motar tana da nata tarkon. Ana tallar a-kori-kura irin su Hilux da Ranger da cewa suna jan kilo 3,500. Gaskiya ne, amma akwai wata lamba ta jimillar nauyin mota da tirela a haɗe. A ce iyakar motar da kayanta kilo 3,200 ne, jimillar kuma 6,000. In ka cika motar, kilo 2,800 kawai ya rage wa tayoyin karaban. Sannan nauyin da karaban ke dannawa a kan ƙugiyar ja, wanda ake so ya zama wajen kashi 10 cikin 100 na nauyinsa, a cikin lodin motar ake lissafa shi, tare da direba da karnuka da ƙarfen kare gaba da batir na biyu. Maganin gardama shi ne a loda komai kamar ranar tafiya, tankuna cike, karnuka a ciki, a hau sikelin manyan motoci. Wuce ƙima na jawo tara, kuma in aka yi haɗari kamfanin inshora na iya ƙin biya. A doka, tirelar da ta haura kilo 750 sai da birkinta. Wadda ta haura kilo 2,000 sai da birki a kowace taya da direba ke sarrafawa daga mazauninsa, da na'urar da ke kama birkin da kanta na aƙalla minti 15 in tirelar ta ɓalle.

Kaya masu nauyi a ƙasa ake sa su, daidai kan tayoyi. In aka jibge su a baya, gaba ya yi sako-sako, sai karaban ya fara kaɗa wutsiya, musamman in doguwar tirelar nan mai jan bodi uku, wadda tsawonta kan kai mita 53.5, ta gifta da iskarta. In haka ta faru ba a taka birkin mota da ƙarfi, ba a kuma kokawa da sitiyari. A ɗaga ƙafa daga totur, a riƙe sitiyari miƙe, a danna maɓallin birkin tirela da hannu, shi zai ja ta baya ta daidaita. Kare kuwa ba a barinsa cikin karaban ana tafiya. A mota yake zama, cikin keji da aka ɗaure ko da ɗamarar ƙirji da aka maƙala a bel. Abin wuya bai dace da wannan ba, birki ɗaya zai iya karya masa wuya.

Yanzu ga babbar maganar. Karaban da aka rufe a rana akwatin gwangwani ne. Kare ba ya gumi kamar mutum, da haki yake huce jiki, kuma in iskar da yake shaƙa ta yi zafi hakin ba ya amfani. Zafin jikinsa na lafiya digiri 38 zuwa 39 ne. In ya haura 41 ƙoda da hanta da ƙwaƙwalwa sun fara lalacewa. A jihar Biktoriya laifi ne a bar dabba ita kaɗai a mota fiye da minti 10 in zafin waje ya kai digiri 28. Sabon shiga yakan ce ai akwai na'urar sanyaya ɗaki. To, a yi lissafi. Na'urar kan ja wat 1,000 ko fiye. Batirin litiyam mai amfiya 200 yana riƙe da wajen wat-awa 2,400, wato awa biyu da 'yan mintuna. Faifan sola mai wat 400 a rana mai kyau ba ya mayar da ko wannan adadin. Ke nan sanyaya ɗaki tsawon yini sai an jona da wutar zango, wato filin da ake biya a faka karaban, mai amfiya 15.

Wutar zangon ma ba abin jingina rai ba ce. Ranar da zafi ya fi tsanani ita ce ranar da kowa ke kunna tasa na'urar, ita ce kuma ranar da fis ɗin layi ke faɗuwa. Wasu na'urorin in wuta ta dawo ba sa tashi da kansu sai an danna. A gwada tun a gida: a kunna, a zare filogi, a mayar, a ga abin da zai faru. Ana sayar da ɗan ma'aunin zafi mai layin waya da ke aiko saƙo in ɗaki ya ɗau zafi, yana da amfani ƙwarai, amma sai inda akwai sabis, sai kuma in mai gona ya yarda ka riƙe waya a bakin aiki, kana kuma iya isowa cikin minti goma sha biyar. In ɗaya daga cikin ukun nan ya ɓace, na'urar labarin mutuwa kawai za ta kawo maka. Ban da haka, zanguna da yawa na kuɗi sun hana barin kare shi kaɗai kwata-kwata, wasu kuma ba sa karɓar kare a hutun Kirsimeti da Ista da hutun makarantu.

Shi ya sa tsofaffin hannu ba sa tambayar nawa ake biya sai sun tambayi ina za su ajiye ɗakin. Aikin da ya fi dacewa da mai kare shi ne wanda karaban ke fake a harabar wurin aikin: gyara da shara a zangon karaban, girki ko kula da lambu a gidan makiyaya, sayar da mai da abinci a tashoshin kan hanya, inda ake aiki da safe, a huta da rana, a koma da yamma. Akwai kuma jiran gida ko gona in masu shi sun yi tafiya. Sau da yawa ba a biyan ko sisi, amma ana samun tsakar gida mai shinge da ruwa da wuta, sai mutum ya haɗa da aikin awa-awa a cikin gari. A ganina wannan haɗin ya fi kowanne kwanciyar hankali. Aikin rumbunan alkama na kamfanoni irin su CBH a yamma da GrainCorp a gabas ya fi kawo kuɗi, amma awa goma zuwa sha biyu ne a tsakiyar zafin Nuwamba da Disamba, a fili fetal babu bishiya. Mai kare biyu da ba shi da mai riƙe masa su gara ya haƙura da shi.

In za a bar kare a waje, shinge ya fi ɗauri. Igiya kan naɗe a ƙafar karaban ta hana shi kaiwa ga ruwa, ko ya tsallake wani abu ta shaƙe shi. Shingen ya kai aƙalla mita ɗaya, a kafe shi da turaku, a kuma toshe ƙarƙashin karaban, don ta nan suke sulalewa. Inuwar ƙarfe shida na safe ba ita ce ta ƙarfe uku na rana ba, don haka a yi yini guda ana kallon yadda take juyawa kafin ranar fara aiki. Kwanon ruwa biyu, a wurare biyu, ɗaya a cikin tsohuwar taya don kada ya kife. Kare na shan wajen mililita 50 zuwa 60 ga kowane kilo na nauyinsa a yini, wato lita ɗaya da rabi ga mai kilo 25, kuma ninki biyu a lokacin zafi. Zaman kaɗaici ma koya masa ake yi tun kafin a bar gida, domin ba a fafe gora ranar tafiya: minti goma, rabin awa, awa biyu, ana barin tsohuwar waya tana naɗar sauti. Karen da ke haushi tun fitarka har dawowarka zai sa a sallame ka daga zango cikin mako guda, in kuma zangon na mai gonar ne, har da aikin.

Abu na biyu da ke kashe karnukan matafiya guba ce mai suna 1080. Hukumomi da manoma na cusa ta a nama ko wani dunƙule, a binne ko a watsa daga jirgin sama, don rage yanyawa da karnukan daji da kuliyoyin daji da ke cinye tumaki da ƙananan namun dajin ƙasar. Jihar Yammacin Ostireliya ta fi amfani da ita, a ƙarƙashin wani shiri da ta fara tun 1996, saboda akwai tsirrai a can masu irin wannan gubar a jikinsu, dabbobin asali sun saba da ita, baƙi kuwa ba su saba ba. Kare na cikin dabbobin da ta fi saurin kashewa. Dunƙulen yanyawa miligiram 3 ke cikinsa, na karen daji 6, alhali wajen miligiram 2 ya isa ya kashe kare mai kilo 20. Ba ta da makari. Bayan rabin awa zuwa 'yan sa'o'i sai a ga kare ya rikice, yana gudu ba kan gado, yana kururuwa da amai, sai farfaɗiya, sai mutuwa.

Ana kafa allunan gargaɗi, amma rashin allo ba ya nufin babu guba. Hankaka na ɗaukar dunƙulen ya yar a wani wuri, har a wuraren hutawa na bakin titi. Mushen da gubar ta kashe shi ma guba ne, haka aman karen da ya ci, don haka in ɗaya ya yi amai a janye ɗan'uwansa nan take. Kariya biyu ce: gajeriyar igiya da takunkumi mai kama da kwando, wanda ke barin kare ya yi haki ya sha ruwa amma ba zai iya ɗaukar komai a ƙasa ba. Takunkumin yadi mai matse baki ba ya cikin lissafi, shi kansa kisa ne a zafi. Ana saba wa kare da shi da makonni, ana sa ɗan abin daɗi a ciki. Masu shiga daji kan riƙe ƙwayoyin sodar wanki, wato sodiyam kabonet, don sa kare amai in an ga ya haɗiyi wani abu kuma bai fara shure-shure ba. A kula, ba kostik sodar da ake haɗa sabulu da ita ba ce, wannan ƙona maƙogwaro za ta yi. A nemi likitan dabbobi ya nuna adadi da yadda ake bayarwa tun kafin tafiya. Hanyar Nullarbor, daga Norseman zuwa Ceduna, wajen kilomita 1,200 ce ta gidajen mai jefi-jefi, babu asibitin dabbobi, kuma ana zuba guba a yankin. A wannan hanya kare ba ya taka ƙasa sai da takunkumi.

Kaska iri biyu ce abin tsoro, kuma maganinsu ba ɗaya ba ne. Ta gaɓar gabas, daga arewacin Kwinsland zuwa gabashin Biktoriya, dafinta shanye jiki yake yi. Bayan kwana uku zuwa biyar da maƙalewa sai ƙafafun baya su fara tangaɗi, muryar haushi ta canza, numfashi ya yi nauyi. Ƙwayoyi irin su NexGard da Bravecto da Simparica na kashe ta, amma duk da haka a riƙa shafa jikin kare da yatsu kowace yamma, musamman kai da wuya da cikin kunne da tsakanin yatsu. Ta biyun ita ce jar kaskar kare da muka sani a gida, mai ɗauke da wata cutar jini da aka fara ganowa a ƙasar a watan Mayun 2020 a yankin Kimberley, ta kuma bazu a arewa. Ita cikin 'yan sa'o'i take sa cutar, kafin ƙwaya ta kashe ta, don haka mai zuwa arewa sai ya haɗa da abin wuya mai korar kaska irin Seresto.

A Kwinsland da arewa akwai wani ƙaton kwaɗo da aka shigo da shi a 1935 don ya cinye ƙwarin rake, ya bar ƙwarin ya zama annoba. Dafinsa a kafaɗa yake. In kare ya cafke shi sai dalala da jan dasashi. A sami tsumma mai ruwa a yi ta goge dasashi da harshe da ganɗa, ana wanke tsumman, na minti goma zuwa sha biyar, sannan a nufi likita. Kada a zura masa tiyo a baki, ruwan huhu zai tafi. Da dare kwaɗin ke fitowa, don haka a shigar da kwanon ruwa ciki. Daga kogin Boyne kusa da Gladstone zuwa arewa kuma ƙasar kada ce, kuma kare a bakin ruwa kiran kada ne. Ƙa'idar hukuma ita ce a tsaya aƙalla mita 5 daga ruwa, a yada zango aƙalla mita 50.

Wuraren da ke sa mutane sha'awar tafiyar, galibinsu ba a shiga da kare. Kusan duk gandun dajin gwamnati da ake kira national park haramun ne gare shi, har da Kakadu da dutsen Uluru, ko da a cikin mota yake. Sai a nemi gidan renon karnuka a garin da ke kusa, su kuma ba sa karɓa sai da katin rigakafin da ake kira C5 wanda bai ƙare ba. Tsibirin Tasmaniya na da nasa sharaɗi: kafin a hau jirgin ruwa daga Geelong zuwa Devonport sai an ba kare maganin tsila mai suna praziquantel, miligiram 5 ga kowane kilo, cikin kwana 14 kafin isa, da shaida a hannu. Masu kiwon tumaki ma kan nemi wannan shaidar, domin tsilar kare na ɓata naman tumakinsu. A kuma sani cewa doka ta ba makiyayi damar harbe karen da ya kama yana farmakin dabbobinsa, kuma ba ya neman shawarar kowa.

Aiki kuwa da yanayi yake tafiya, yanayin kuma kishiyar namu ne. Arewacinsu na da rani da damina kamar mu, sai dai raninsu daga Mayu ne zuwa Oktoba, lokacin ne tashoshin hanya da zanguna ke neman hannu, ana ɗibar tumatir a Bowen da kankana a Kununurra. Mangwaron Katherine daga Oktoba zuwa Disamba yake, cikin zafi da gumi mai tsanani, ga ƙaron mangwaro na ƙona fata. Ba wurin mai kare ba ne. 'Ya'yan itacen ceri a garin Young Nuwamba da Disamba, inabin Mildura daga farkon shekara zuwa Afrilu, gurzar auduga a Moree da Narrabri daga Afrilu, lemon yankin Riverland a watannin sanyi. Hanyar da ta fi sauƙi ga kare ita ce a yi lokacin sanyi a arewa, a yi lokacin zafi a kudu kusa da teku ko a Tasmaniya. Manyan kamfanonin hatsi tun tsakiyar shekara suke ɗaukar sunaye. Takardun da ke buɗe ƙofa kuwa ƙanana ne: lasin tuƙa fokilif (motar ɗaga kaya), katin shiga wurin gini, shaidar tsaftar abinci, takardar 'yan sanda, lasin babbar mota.

Kafin a ƙona man kilomita 800, a sa mai aikin ya amsa a rubuce, ko da saƙon waya ne: ya san da karnuka nawa za ka zo, akwai wuta mai amfiya 15 da inuwa, yaushe aka zuba guba ta ƙarshe a gonar da ta maƙwabta, awa nawa ne a yini, biyan awa ne ko jinga. A 1 ga Yulin 2025 an sa mafi ƙarancin albashi na ƙasa a kan dalar Ostireliya 24.95 a awa, ana sake duba shi kowane Yuli, ɗan aikin wucin gadi kuma ana ƙara masa kashi 25 cikin 100. Kowane fanni na da nasa jadawalin da kan ɗan bambanta, yana nan a shafin Fair Work, hukumar kula da haƙƙin ma'aikata. Tun 28 ga Afrilun 2022 mai aikin jinga a gonakin 'ya'yan itatuwa da kayan lambu dole a cika masa mafi ƙarancin kuɗin awa ko da hannunsa bai yi sauri ba, don haka ka riƙa rubuta lokacin shiga da na tashi a littafinka. In ba ka ba da lambar haraji ba, kusan rabin kuɗin za a riƙe. In an ce ka yi rajistar kanka a matsayin ɗan kwangila alhali su ke tsara maka lokaci da kayan aiki, dabara ce ta kauce wa fansho da inshorar rauni. Aikin musanya da wurin fakin kuma a auna shi: a raba kuɗin zangon mako da awoyin da ake nema, a ga nawa awa ta kama. Mai kare ya fi kowa faɗawa wannan rami, domin an san wuraren da za su karɓe shi ba su da yawa.

A kasafi a sa mai da yawa, don motar da ke jan tan biyu da rabi kan sha lita 15 zuwa 20 a kilomita 100, kuma mai a daji ya fi na birni tsada. Karnuka biyu masu kilo 25 na cin wajen giram 700 a yini, buhun kilo 20 wata ɗaya ke nan, kuma ƙaramin gari ba lalle ya sami irin wanda suka saba ba. Canjin abinci farat ɗaya zawo yake kawowa, a ɗaki mai faɗin tabarma uku. A riƙa gaurayawa na mako guda. A ware kuɗin likita daban, maganin saran maciji shi kaɗai na iya cinye albashin makonni.

Saura abin da kaɗaici ke jawowa. Babu mai cewa dawo-dawo in ana ribas, don haka a sa karnuka a mota tukuna, a sauka a duba ko sau biyar ne. Haɗa tirela a bi tsari ɗaya kullum: ƙugiya ta zauna an sa fil, sarƙoƙi biyu a gicciye, filogin wuta, wayar birkin ɓallewa a jikin motar kanta ba a jikin sarƙa ba, ƙafafu a ɗage, gas a rufe, tagogi a kulle. In wani ya katse ka da hira, koma farko. Fitilun baya a jingina waya tana ɗaukar bidiyo a gwada su. Notocin taya a sake ɗaure su bayan kilomita 50 zuwa 100 in an taɓa cire tayar, boris kuma a duba shi kowace kilomita 10,000 ko shekara guda. Ba a tuƙi da asuba ko magariba saboda kangaru. Layin waya na Telstra ya fi kaiwa daji, rediyon oba-oba na mota tasha ta 40 ta direbobin manyan motoci ce, ta 18 ta masu karaban. Inda babu sabis, ƙaramar na'urar kiran ceto ta tauraron ɗan'adam ce madogara, rajistarta kyauta ce, kuma a jiki ake rataye ta, ba a aljihun mota ba. In mota ta lalace a daji ba a barinta a tafi neman taimako da ƙafa.

Jirgin likitocin daji in ya zo mutum yake ɗauka, ba ya ɗaukar kare. Saboda haka a rubuta kati biyu, ɗaya a walat kusa da lasin tuƙi, ɗaya a manne a ƙofar karaban: karnuka nawa ne, sunayensu, inda suke a lokacin aiki, maganin da suke sha, inda makullin ajiya yake, da lambar mutum biyu da suka riga suka amince za su karɓe su. Lambar wayar da ke rajistar ɗan guntun na'urar shaida da aka dasa wa kare a ƙarƙashin fata ta zama wadda ke hannunka yanzu, a kuma ƙara ta wani na biyu da ke zaune a gari mai sabis.

Na gode da wannan fili. Wassalam.

Naka,
Mai karanta jaridarku a kullum